Henry Hetherington (1792-1849) da Gwagwarmayar Jaridar Kwabo Ɗaya a Ingila

Gabatarwa

A tarihin aikin jarida, ba koyaushe hukuma ke fitowa fili ta haramta rubutu ba. Sau da yawa takan bar marubuci da alƙalaminsa, ta koma ta ɗora wa takardar tsadar da talaka ba zai iya saye ba. Irin wannan takunkumi ne ya mamaye Ingila a farkon ƙarni na 19, kuma daga cikin waɗanda suka sadaukar da dukiyarsu da walwalarsu don karya shi babu kamar Henry Hetherington, mai maɗaba'a a birnin Landan. Rayuwarsa ta nuna yadda jarida ta yi shekara huɗu da rabi tana fitowa duk mako, doka na farautarta, ba don komai ba sai don leburori da masaƙa da 'yan talla sun ɗauke ta tasu.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Hetherington a watan Yuni na shekarar 1792 a unguwar Soho ta Landan. Mahaifinsa tela ne. Tun yana yaro aka kai shi koyon sana'ar ɗab'i a wurin Luke Hansard, wanda maɗaba'arsa ke buga takardun Majalisar Dokokin Birtaniya. Da ya gama koyo bai sami aiki a gida ba, sai ya tafi ƙasar Beljiyam ya yi 'yan shekaru yana wannan sana'a kafin ya dawo. A farkon shekarun 1820 ya buɗe tasa maɗaba'ar a titin Kingsgate da ke Holborn.

A wannan lokaci ne ya shiga cikin masu sana'ar hannu da ke neman ilmi bayan an tashi aiki. Ya yi hulɗa da Cibiyar Ilmin Masu Sana'a ta Landan wadda George Birkbeck ya jagoranta, ya kuma karɓi ra'ayin Robert Owen na gama kai, wato ma'aikata su haɗa jari su mallaki abin da suke samarwa. A nan ya shaƙu da William Lovett da James Watson da John Cleave, waɗanda suka zama abokan tafiyarsa har ƙarshen rayuwarsa.

Dokar da Ta Sa Labari Ya Fi Ƙarfin Talaka

Tun shekarar 1712 gwamnatin Birtaniya ke karɓar haraji a kan kowace jarida, ana buga jan hatimi a jikin takardar don shaidar an biya. Harajin ya yi ta hawa har ya kai kwabo 4 a shekarar 1815, ga kuma haraji a kan talla, ga na takardar kanta. Saboda haka jarida ɗaya takan kai kwabo 7, kuɗin da ya fi ƙarfin aljihun lebura.

Da farko masu ra'ayin sauyi, irin su William Cobbett, sun kauce wa harajin ta hanyar buga sharhi zalla ba tare da labarai ba. Amma bayan kisan da mayaƙan doki suka yi wa masu taro a filin St Peter na Manchesta a watan Agusta na 1819, majalisa ta zartar da dokoki shida na murƙushe 'yan adawa. Ɗaya daga ciki ta toshe wannan kafa. Duk ƙaramar takardar da ke ɗauke da labari ko sharhi a kan labari, wadda ke fitowa fiye da sau ɗaya a kwana 26, kuma farashinta bai kai sisi ba, ta shiga sahun jaridu, tilas ta biya haraji. Haka kuma an wajabta wa mai bugawa ya kawo masu tsaya masa a kan fam 300 in a Landan yake, ko fam 200 in a lardi ne. Manufar ba ɓoyayya ba ce: siyasa ta zauna a hannun masu hali.

Jaridar Poor Man's Guardian

Juyin juya halin da aka yi a Faransa a watan Yuli na 1830 ya sake tayar da hankulan ma'aikatan Ingila. A watan Oktoba na wannan shekara Hetherington ya fara fitar da wasu takardu na kwabo ɗaya da ya kira Penny Papers for the People, yana shirya su kamar wasiƙu don su kuɓuta daga ma'anar jarida a doka. Dabarar ba ta hana a gurfanar da shi ba. Da ya ga haka sai ya daina ɓoye-ɓoye. A watan Yuli na 1831 ya fito da Poor Man's Guardian, ma'ana mai tsaron talaka, a kan kwabo ɗaya, kuma a saman shafin farko ya bayyana cewa da gangan ake buga ta saɓanin doka. A gurbin jan hatimin gwamnati ya sa hoton injin ɗab'i tare da taken da ke nuna ilmi shi ne ƙarfi.

Jaridar ta zama muryar Ƙungiyar Ma'aikata ta Ƙasa da aka kafa a 1831. Lokacin da ake ta murnar dokar gyaran zaɓe ta 1832, ita ta tsaya a kan cewa dokar ta buɗe ƙofa ne ga masu kantuna da masu masana'antu, ta bar wanda ba shi da kadara a waje. Daga 1832 James Bronterre O'Brien, ɗan ƙasar Ailan da ya karanci shari'a, ya karɓi aikin edita, ya riƙa bayyana wa masu karatu alaƙar rashin ƙuri'a da ƙarancin lada. A lokacin da ta fi tashe, ana sayar da kimanin kwafi 15,000 a mako. Masu jin abin da ke cikinta kuwa sun ninka haka sau da dama, domin akan karanta kwafi ɗaya da ƙarfi a shagon aiki ko gidan shan gahawa, waɗanda ba su iya karatu ba suna saurare.

'Yan Talla da Asusun Taimakon Ɗaurarru

Buga jarida marar hatimi abu ne mai sauƙi in aka gwada da kai ta hannun mai karatu. Gidan waya ba ya ɗaukar ta, manyan dillalai kuma suna tsoron tara. Hetherington ya nemi marasa aikin yi su shiga talla, ya kuma faɗa musu gaskiya cewa ɗauri na iya biyo baya. Ɗaruruwa suka amsa, maza da mata har da yara. Akan fito da ƙunshin takardun banza daga ƙofar gaba don jami'an haraji su bi shi, jaridar gaske kuwa ta fita ta baya. Akan ɓoye ta cikin kwandunan kaya da akwatunan huluna, har da akwatin gawa. Shi kansa Hetherington yakan sake kama, ya yi shigar mabiya ɗariƙar Quaker, don ya shiga shagonsa ba a gane shi ba.

Hukuma ta mayar da hankali a kan 'yan tallan, tana ganin su ne igiya mafi rauni. Binciken masanin tarihi Patricia Hollis ya nuna an gurfanar da mutum fiye da 700 tsakanin 1830 da 1836 saboda sayar da jaridu marasa hatimi. Cikinsu akwai Abel Heywood na Manchesta, wanda aka ɗaure wata 4 a 1832, daga baya kuma ya zama magajin garin birnin har sau biyu. Akwai Alice Mann mai sayar da littattafai a Leeds, da Joshua Hobson na Huddersfield, da George Julian Harney, yaron shagon Hetherington da aka ɗaure sau uku.

Abin da ya hana wannan farmaki cin nasara shi ne asusun taimakon ɗaurarru da aka buɗe a 1831, William Lovett na sakatarensa. Kuɗin asusun kwabo-kwabo ne da sisi-sisi da ma'aikata ke tarawa a wuraren taro da shagunan aiki, jaridar kuma tana buga jerin gudummawar don kowa ya ga inda kuɗinsa ya shiga. Daga nan ake tallafa wa wanda aka ɗaure da iyalinsa, in ya fito kuma a karrama shi a bainar jama'a. Ta haka ɗauri ya daina zama abin kunya, kuma duk ɗan tallan da aka kama sai wani ya maye gurbinsa. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Shi ma Hetherington bai tsira ba. Sau biyu aka ɗaure shi wata shida-shida a kurkukun Clerkenwell a farkon shekarun 1830. A ɗaya daga cikin kamun, yana ɓoye a wajen gari ya sami labarin mahaifiyarsa na kan gargara, ya dawo Landan, aka cafke shi a ƙofar gida. Abokan cinikinsa masu hali suka janye ayyukansu daga maɗaba'arsa. Duk da haka jaridar ba ta daina fitowa ba.

Shari'ar 1834 da Abin da Ya Biyo Baya

A watan Yuni na 1834 aka kai maganar gaban babban alƙali Lord Lyndhurst. Hetherington ya kare kansa da kansa. Ayarin mutanen gari da ke taya alƙali yanke hukunci suka ce Poor Man's Guardian ba jarida ba ce a ma'anar doka, saboda haka halal ne a sayar da ita ba hatimi, ko da yake an ci shi tarar fam 120 a kan wata jaridarsa daban. Hukuncin ya tona wani abin takaici, domin an riga an ɗaure ɗaruruwan mutane a kan sayar da abin da kotu ta ce bai saɓa wa doka ba.

Sai dai nasarar ta zo a lokacin da kasuwar jaridar ta fara ja da baya. Masu karatu sun koma ga manyan takardu marasa hatimi masu haɗa siyasa da labaran kotu da na wasanni, irin su Weekly Police Gazette ta John Cleave da Twopenny Dispatch ta shi Hetherington. A 1835 jami'ai suka kai samame maɗaba'arsa, suka kwashe kaya, suka farfasa injuna. A watan Disamba na wannan shekara Poor Man's Guardian ta fito karo na ƙarshe.

A 1836 gwamnati ta amince cewa ba ta iya aiwatar da dokar. Ministan kuɗi Thomas Spring Rice ya rage harajin daga kwabo 4 zuwa kwabo 1, amma ya tsananta hukuncin masu karya doka, ya kuma ƙara wa jami'ai ikon bincike da ƙwace injuna. Sakamakon ya zo da fuska biyu. Jaridun masu hali sun yi araha, jaridar kwabo ɗaya kuwa ta gagara, tunda harajin kaɗai ya cinye kwabon. Hetherington ya rungumi hatimin, ya fito da London Dispatch a kan kwabo uku da rabi, wadda ta rayu har 1839.

Sauran Rayuwarsa

A 1836 shi da Lovett da Watson da Cleave suka kafa Ƙungiyar Ma'aikatan Landan. Yana cikin ma'aikata shida da suka zauna da 'yan majalisa shida a kwamitin da ya haifar da Kundin Buƙatun Jama'a na 1838, mai neman ƙuri'a ga kowane baligi namiji da zaɓe a asirce da wasu buƙatu huɗu. Ya zagaya larduna yana kafa rassa, kuma da yawan waɗanda suka tarbe shi tsofaffin dillalan jaridarsa ne. Babbar jaridar wannan yunƙuri, Northern Star ta Feargus O'Connor, da kuɗin hannun jari na fam ɗaya-ɗaya da magoya baya suka saya aka kafa ta a Leeds a 1837, kuma Joshua Hobson ne ya buga ta.

A 1840 aka tuhume shi da saɓo saboda sayar da wani ƙaramin littafi mai araha da ke sukar Tsohon Alkawari, aka ɗaure shi wata 4. Don ya nuna dokar na bambanta talaka da mai hali, ya sa aka gurfanar da Edward Moxon, mai buga littattafan manya, a kan wallafa waƙoƙin Shelley. An sami Moxon da laifi a 1841, amma ba a hukunta shi ba. A 1849 Hetherington ya shiga sabon kwamitin neman soke ragowar harajin. Bai ga ƙarshen aikin ba, domin annobar kwalara ta ɗauke shi ranar 24 ga Agusta, 1849, yana da shekara 57. An binne shi a maƙabartar Kensal Green. An soke harajin talla a 1853, na hatimi a 1855, na takarda a 1861.

Kammalawa

Soke harajin bai dawo da zamanin jaridar leburori ba. Jaridun kwabo ɗaya da suka biyo baya, irin su Daily Telegraph, manyan injuna da kuɗin talla suka dogara a kansu, har wasu masana irin su James Curran ke ganin jari ya ƙarasa aikin da doka ta kasa. Dabarar neman kuɗin lamuni kafin a buga jarida kuwa ta bi Turawan mulki zuwa Afirka ta Yamma, inda dokar jaridu ta 1903 a Legas ta wajabta lamunin fam 250. Ga mai nazarin jaridun Hausa akwai abin kwatantawa a nan. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, ita ma kwabo ɗaya aka sa mata don talaka ya iya saye, amma hukuma ce ta ɗauki nauyinta. Ta Hetherington kuwa masu karatu ne suka ɗauki nauyin bugunta da rabonta da ciyar da iyalan waɗanda aka ɗaure dominta. Farashin ɗaya ne, amma wanda ke cike giɓin kuɗin shi ke da ta cewa a kan iyakar abin da edita zai iya bugawa.