Labarin Likita Mila da Makarantar Wusasa

Ya ku 'yan'uwa, ku da kuka fara bin Almasihu kwanan nan, da ku da kuke tambaya tukuna, ga labarin wani bawan Allah wanda ya nemi birni, aka ba shi ƙauye. Mun rubuta shi domin mu koyi haƙuri.

Sunansa Walter Miller, Hausawa kuwa suna ce da shi Likita Mila. An haife shi a Ingila cikin shekara ta 1872, ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew na birnin Landan. Da ya ji kira cikin zuciyarsa ya kawo bishara ƙasar Hausa, bai yi gaggawa ba. Ya fara zuwa Tarabulus, inda fatake da alhazai Hausawa suke sauka, ya zauna a gabansu kamar almajiri har bakinsa ya kama Hausa. Gama ya sani, wanda ya raina harshen mutane ba shi da hanya zuwa zuciyarsu.

Cikin 1900 su biyar suka taso daga bakin teku, Bishof Tugwell ne jagoransu, suka isa Kano. Sarkin Kano Aliyu bai yarda su zauna ba, ya sallame su. Suka koma Girku, a ƙasar Zazzau. Can ɗaya daga cikinsu ya rasu, wani kuma ciwo ya komar da shi gida. Mutum mai ƙaramar zuciya da ya ce Allah ya rufe ƙofa ke nan. Amma Mila ya yi ta jira, har cikin 1905 ya sami izinin zama cikin birnin Zariya. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Yara kaɗan ne suka zo, masu karɓar baftisma kuwa ba su kai su yawa ba.

Ana nan, cikin 1913 sai ga waɗansu mutane da ake kira Isawa sun zo wurinsa. Su almajiran wani malami ne, Malam Ibrahim, wanda ya girmama Annabi Isa ƙwarai, aka kashe shi a Kano tun kafin zuwan Turawa. Da yawansu suka ba da gaskiya, aka kafa musu gari a Gimi. Murna ba ta daɗe ba, ciwon barci ya faɗa wa garin, ya kashe mutane da yawa, saura suka watse. Yaran da suka tsira aka tattara su a makarantar Zariya.

Cikin 1929 aka fitar da mishan na CMS daga birni zuwa Wusasa, a bayan ganuwa, gindin dutse. Nan aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubali da azara, ginin magina Hausawa, makaranta da asibiti kuma suna kusa da ita. Wannan ƙaura ba ta yi wa Mila daɗi ba, domin birni ne ransa yake so. Shi kuwa mutum ne mai kafiya, ya sha jayayya da Turawan mulki, har da abokan aikinsa. Ba mu ɓoye wannan ba, domin ku sani Allah yana aiki da masu aibi irinmu. Ya tafi Kano ya duƙufa a kan fassara, shi da abokan aiki, har aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa cikin 1932. Ya rasu a Bukuru, kusa da Jos, cikin 1952.

To, ku duba abin da ya fito daga makarantar nan. Dikko, wanda ya zama likita na fari cikin 'yan Arewa, ɗan makarantar mishan ɗin nan ne. Ishaya Audu, ɗan zuriyar Isawa, ya yi karatu a Wusasa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Yakubu Gowon, ɗan mai wa'azin bishara, shi ma nan ya fara karatu, ya riƙe mulkin Nijeriya cikin waɗannan shekaru. Majami'ar ƙasa kuwa ta zama kujerar bishof cikin 1997. Mila bai ga yawancin wannan da idonsa ba. Shi ya yi shuka, waɗansu suka yi girbi.

Mu da muke nan Sakkwato, mu kaɗan ne, wani ma danginsa sun juya masa baya saboda bangaskiya. Kada ka auna aikin Allah da yawan mutanen da ka gani ran Lahadi. Kada ka rama zagi, ka girmama iyayenka da maƙwabtanka Musulmi, ka yi musu alheri ba domin su biya ka ba. Ka sa ɗanka makaranta, da 'yarka kuma, ka taimaki malaminsu, ko da ajin rumfar kara ne. Idan an rufe maka ƙofar da kake so, ka riƙe amana a inda aka ajiye ka. Ubangiji ya ba mu haƙuri har matuƙa. Amin.