Florence Nightingale, Mai Jinyar Da Ta Ceci Rayuka Da Lissafi

An haifi Florence Nightingale ran 12 ga watan Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, amma iyayenta Turawan Ingila ne masu hali. A zamanin nan ba a damu da koya wa 'ya'ya mata lissafi ba. Ita kuwa mahaifinta ne ya karantar da ita da kansa, ta kuma nace wa lissafi har ta gwanance.

A cikin 1854 Ingila ta shiga yaƙin Kirimiya da Rasha. Gwamnati ta aika da ita asibitin soja na Scutari, kusa da Santambul, tare da masu jinya 38. Ta tarar da ƙazanta da cunkoso, ga shi ko yawan matattu ba a rubutawa daidai. Sai ta shiga tattara adadin waɗanda aka kwantar, da waɗanda suka mutu, da abin da ya kashe su. A watan Maris na 1855 wani kwamitin tsabta ya zo daga Ingila, aka yashe magudanan ruwa, aka gyara hanyoyin shigar iska. Daga nan mace-mace suka ragu ƙwarai.

Da ta koma gida a 1856 sai ta haɗa kai da Dokta William Farr, masanin ƙididdiga, suka bi alƙaluman dalla-dalla. Suka gano cewa kwalara da atini da taifod sun fi harsashi kashe soja nesa ba kusa ba. Suka kuma gwada sojan da ke zaune a bariki cikin Ingila da farar hula tsararsu, suka ga mutuwar sojan ta kusa ninka tasu, alhali ba a yaƙi.

Don manya su gane ba tare da wahala ba, ta zana alƙaluman cikin da'ira mai yanki 12, kowane wata da yankinsa: shuɗi na cuta, ja na rauni, baƙi na sauran dalilai. Wannan hujja ta taimaka aka gyara barikoki da asibitocin soja.

A 1858 ta zama mace ta farko a ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan. A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas. Ta rasu ran 13 ga watan Agusta, 1910, tana da shekara 90.

Duk ma'aikacin lafiya da ke ganin cika rajista ɓata lokaci ne, ya tuna cewa irin wannan rubutu ne ya tona abin da ke kashe sojan Ingila.