Likita Mila Na Zariya

A Wusasa, kusa da dutsen Kufena a wajen birnin Zariya, akwai wata majami'a ta ginin ƙasa irin na Hausa, ana ce da ita St. Bartholomew. An gina ta cikin 1929. Cikin shekarun 1990 ta zama babbar majami'a ta Ɗarikar Angilikan, watau inda kujerar Bishop ta ke. A tsarin wannan ɗarika Bishop shi ke da ƙasa duka, amma riƙon babbar majami'a yana hannun wani babban limami dabam. A Ingila ana kiransa Din, daga wata kalmar Latin mai nufin shugaban mutum goma. Shi ke lura da ginin, da tsarin ibada, da dukiyar wurin, tare da majalisar limamai. To, zuwan wannan ɗarika ƙasar Zazzau tushensa mutum guda ne, wanda bai taɓa zama Bishop ko Din ba. Shi ne Likita Mila, wanda za mu ba ku tarihinsa yau.

Sunansa na yanka Walter Miller. An haife shi a Ingila cikin 1872, ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew na birnin Landan. Da ya gama sai ya shiga ƙungiyar mishan ta C.M.S., da niyyar zuwa ƙasar Hausa. A zamanin nan kuwa Bature bai iya shiga Kano ko Zariya ya zauna yadda ya ga dama. Saboda haka aka fara aika shi Tarabulus, inda fatake da alhazai Hausawa su ke da yawa, ya zauna cikinsu yana koyon harshen.

Cikin 1900 suka taso daga Ikko su biyar, Bishop Tugwell ne madugunsu. Suka biyo ta Jabba, suka iso Zariya, Sarki Kwasau ya karɓe su ba laifi. Amma da suka isa Kano, Sarki Alu ya ce bai san da zuwansu ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka komo ƙasar Zazzau suka sauka a Girku. Nan ɗayansu, Ryder, ya mutu, ciwo ya kori waɗansu gida. Kowa ya ga abin ya ce tafiya ta watse. Amma Likita Mila bai fid da rai ba, har cikin 1905 ya sami izinin zama cikin birnin Zariya. Ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta a gidansa.

A nan ne wahalarsa ta ainihi ta fara. Gwamna Lugga abokinsa ne, amma ya riga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato cikin 1903 cewa Gwamnati ba za ta taɓa addininsu ba. Likita Mila ya kawo shawarar a kafa makaranta don 'ya'yan sarakuna a hannunsa. Iyaye suka ƙi sakin jiki da makarantar mishan, abin bai yi nisa ba. Daga ƙarshe Gwamnati ta danƙa aikin ilmi ga Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909.

Shi kuwa Likita mutum ne mai kaifin harshe, ba ya ganin abu ya yi shiru. Yakan kai ƙarar hakimai da dogarai ga Razdan in ya ji an zalunci talaka, yakan kuma soki Turawan mulki a fili cewa sun jingina da sarakuna sun manta da talakawa. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ba a sha inuwa ɗaya, kuma ƙararrakinsa suna cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin aka kai shi Lakwaja. Har yanzu ba a daina muhawara a kan wannan al'amari ba. Waɗansu suna ganin ya tsaya wa marasa ƙarfi, waɗansu kuwa suna ganin baƙo ne ya yi shisshigi cikin abin da ba nasa ba.

Cikin 1913 waɗansu mutane da a ke kira Isawa suka zo wurinsa. Su almajiran wani Malam Ibrahim ne da aka kashe a Kano tun kafin zuwan Turawa saboda wa'azinsa a kan Annabi Isa. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, suna noma, 'ya'yansu suna karatu. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, sauran suka watse. Yaran da suka tsira su ne suka cika makarantar Zariya.

Cikin 1929 aka tashi mishan daga cikin birni aka mai da ita Wusasa, ƙarƙashin wani saurayin limami, Guy Bullen. Likita Mila bai so barin birni ba, gama a ganinsa wanda ya fita bayan ganuwa ya rabu da mutane ke nan. Sai ya koma Kano ya duƙufa a kan fassara, har aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausar boko cikin 1932. Ya bar C.M.S. cikin 1935, amma zaman Ingila bai karɓe shi ba. Ya komo Nijeriya ya zauna a Bukuru kusa da Jos, nan ajali ya same shi cikin 1952, yana da shekara 80.

In muka auna aikinsa da abin da ya zo nema, sai mu ce bai samu ba. Ya yi fatan ƙasar Hausa ta bi addininsa, amma bayan shekara hamsin waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. In kuwa muka auna da abin da ya bari, sai magana ta sake. Daga wannan 'yar jama'a aka sami Likita Barau Dikko, ɗan Arewa na farko da ya zama likita, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa farkon kafa ta. Daga cikinta aka sami John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A makarantar Wusasa Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Nan kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi, wanda ya riƙe Nijeriya cikin waɗannan shekaru.

Malaman makaranta da ma'aikatan ofis, ga abin da mu ke so ku duba. Likita Mila bai riƙe babban muƙami ba, kuma yawancin shawarwarin da ya kai gaban manya an ƙi su. Abin da ya wanzu daga aikinsa shi ne 'yan yaran da ya zaunar a gabansa ya koya musu karatu da kyau, cikin harshen da ya wahala ya koya tun daga Tarabulus. Muƙaman Bishop da na sauran manyan limamai sun iso Wusasa ne shekaru da yawa bayan mutuwarsa, suka tarar da jama'a da makaranta sun riga sun kafu.