Valentin Haüy, tafintan da ya biya mabaraci kuɗin bararsa don ya zo ya koyi sana'a

A shekarar 1784, a ƙofar cocin Saint-Germain-des-Prés da ke birnin Paris, akwai wani saurayi makaho mai shekaru 17 da ke zaman bara, sunansa François Lesueur. Da abin da ya samo a wuni ake ɗora tukunya a gidansu. Duk wanda ya saba fitowa daga masallacin Juma'a a Maraɗi ko Damagaram ya san irin wannan zama, ya kuma san cewa bayan kowane ƙoƙon bara akwai bakunan da ke jira a gida. Wata rana wani mutum ya tsaya a gaban saurayin ya ce yana son koya masa karatu. Matsalar a fili take: idan Lesueur ya bar ƙofar coci, wa zai ciyar da iyayensa da ƙannensa? Mutumin bai tsaya yi masa wa'azi a kan kunyar roƙo ba. Sai ya ɗauki alkawarin biyan abin da barar ke kawowa daga aljihunsa. Malami ne ke biyan ɗalibi.

Wannan mutum shi ne Valentin Haüy (Faransawa na furta sunan kamar "Awi"), wanda ya kafa makarantar makafi ta farko a Faransa, wadda sauran ƙasashen Turai suka yi koyi da ita.

An haife shi ranar 13 ga Nuwamban 1745 a Saint-Just-en-Chaussée, wani ƙaramin gari a arewacin Paris. Mahaifinsa masaƙi ne, talaka. Limaman Kirista na garin ne suka koyar da shi tare da yayansa René Just, wanda daga baya ya zama babban masanin duwatsu da ma'adinai. Shi Valentin harsuna ya bi. Ya zauna a Paris yana fassara wasiƙu da takardun ƴan kasuwa da na hukuma, har ya samu muƙamin tafintan sarki. Ba likita ba ne, ba kuma makaho ba ne. Abin da ya karkato da shi ga makafi wani wasa ne da ya gani.

A shekarar 1771, a kasuwar shekara-shekara ta Saint-Ovide, wani mai gidan shan gahawa ya tara makafi kimanin goma ya ɗora su kan dandali. An sa musu dogayen huluna da tabarau na kwali marasa gilashi, an ajiye musu takardun kiɗa a gabansu kamar masu karantawa, suna goga kayan kiɗa ba tsari, jama'a na ta shewa. Makafin daga Quinze-Vingts aka ɗebo su, gidan da Sarki Louis na 9 ya gina tun ƙarni na 13 domin makafi 300 (ma'anar sunan ke nan, ashirin sau goma sha biyar). Mazauna gidan na da izinin roƙo a cocin birnin, wato hukuma da kanta ta amince cewa bara ita ce sana'ar makaho. In an duba da kyau, su ma waɗanda ke kan dandalin aiki aka ba su, har da lada, sai dai aikin shi ne a yi musu dariya. Haüy ya bar wurin da niyyar sai ya sa makafi sun yi karatu da kiɗa na gaske. Shekaru 13 suka wuce kafin ya haɗu da Lesueur.

Da haruffan katako ya fara koya masa. Ana ba da labarin cewa wata rana Lesueur ya shafa bayan wata takarda da injin ɗab'i ya danna da ƙarfi, ya gane harafi ɗaya da yatsa. Daga nan Haüy ya sa aka ƙera haruffa na musamman, ana danna su a kan takarda mai kauri da aka jiƙa, rubutu ya taso yadda yatsa zai ji. Cikin ƴan watanni Lesueur ya iya karatu da lissafi. A 1785 Majalisar masana kimiyya ta Faransa ta yaba da hanyar, wata ƙungiyar masu taimako mai suna Société philanthropique kuma ta damƙa masa yara makafi 12 da take tallafa wa. Makarantar ta karɓi maza da mata.

Karatu rabin manufarsa ne kawai. Tun farko ya haɗa aji da wurin sana'a: kaɗi, saƙa, tufkar igiya, kiɗa, da ɗab'i. Ɗan masaƙi ne, ya san abin da hannu ke iya yi ba tare da ido ba. Littafin da ya rubuta a 1786 kan ilimin makafi, ɗalibansa ne suka jera haruffansa suka buga shi, kuma maɗaba'ar tana karɓar aikin mutanen gari kamar katunan gayyata da sanarwa. A ƙarshen Disamban wannan shekara ya kai ɗalibai 24 fadar Versailles, suka yi karatu da sana'o'insu a gaban Sarki Louis na 16. Lesueur, mabaracin jiya, ya zama mai koyar da na bayansa.

Akwai abin zargi a nan, ba a ɓoye shi ba. Haüy ya yawaita fitar da yaran gaban jama'a domin a gani a ba da kuɗi, wanda ba shi da nisa sosai da ƙoƙon da ya raba su da shi. Haruffansa kuma na masu ido ne aka kumbura. Suna da kyau a gani, amma yatsa na daɗewa kafin ya bi lanƙwasar kowane harafi, littattafan manya ne masu nauyi, kuma makaho ba ya iya rubuta wa kansa abin da zai dawo ya karanta cikin sauƙi. Haüy yana son makaho ya yi amfani da rubutun kowa domin kada a ware shi. Niyyar mai kyau ce, amma da ido ya auna abin da ya kamata a auna da yatsa.

Juyin juya halin 1789 ya watsa attajiran da ke riƙe da makarantar. A 1791 gwamnati ta karɓe ta, ta haɗa ta da makarantar kurame a gini ɗaya, zaman da bai yi daɗi ba, kuɗin da aka alkawarta kuma ba ya zuwa a kan kari. A 1795 aka sake mata suna, ta zama cibiyar ƙasa ta makafi ma'aikata. Sunan kaɗai babban abu ne a zamanin da ba a haɗa kalmar makaho da kalmar ma'aikaci. Amma da Napoleon ya hau, sai hukuma ta fara lissafin abin da makarantar ke ci. Aka kwashe yaran aka mayar da su Quinze-Vingts, gidan da Haüy ya yi rayuwarsa yana ƙoƙarin kauce masa, aka rage karatu, aka cika musu wuni da kaɗin ulu domin su biya kuɗin abincinsu. Aiki dai an ba su, sai dai aikin da ba ya kai mutum ko'ina, a bayan katanga, ba tare da sun zaɓa ba.

Wannan gardama ba ta mutu ba. Har yau ana tambaya ko a keɓe wa masu buƙata ta musamman wuraren aikinsu daban, ko a buɗe musu ƙofar ma'aikatun kowa. Faransa ta ɗauki kusan ƙarni biyu kafin dokar 10 ga Yulin 1987 ta wajabta wa duk ma'aikatar da ke da mutum 20 ko fiye ta ba su kashi 6 cikin 100 na guraben aiki, ko ta biya kuɗi a madadin haka. Dokar Nijar ta tanadi kashi 5 cikin 100. Samun gurbin a takarda daban, samun wanda aka ba ilimin da zai cike shi daban.

Shi kansa Haüy siyasa ta ci shi. Ya rungumi juyin juya halin sosai, ya riƙa kai ɗalibansa bukukuwan sabuwar gwamnati, ya kuma shiga cikin jagororin wata sabuwar aƙida da aka ƙirƙiro a lokacin domin maye gurbin coci. Da iska ta juya, waɗannan duka suka zama laifi. A 1802 aka sallame shi da fansho. Ya buɗe ƙaramar makaranta ta kansa wadda ba ta yi ƙarfi ba. A 1806 ya amsa gayyatar Sarkin Rasha Alexandre na 1, ya bi ta Berlin, inda ziyararsa ta sa aka buɗe makarantar makafi a wannan shekara. A Saint-Pétersbourg ya shafe shekaru 11 yana fama da jami'ai da ƙarancin ɗalibai. Ya dawo Paris a 1817, tsoho, ba dukiya, ya sauka a gidan yayansa.

Kafin ya dawo an riga an fitar da makarantar daga Quinze-Vingts, an ba ta wani tsohon gini mai danshi a titin Saint-Victor. Daraktanta na lokacin, Sébastien Guillié, ya hana shi shiga saboda tarihinsa na siyasa. Sai da aka naɗa sabon darakta, Alexandre Pignier, sannan aka shirya masa bikin girmamawa a watan Agustan 1821. Ɗaliban suka yi masa kiɗa da waƙa, kiɗa na gaske, shekaru 50 cif bayan abin da ya gani a Saint-Ovide.

Cikin ɗaliban makarantar a ranar akwai yaro mai shekaru 12, Louis Braille, wanda ya koyi karatu da waɗancan manyan littattafai masu nauyi, ya kuma san wahalarsu. Shi ne ya fito da rubutun ɗigo shida da aka wallafa a 1829, ya kuma yi aikin koyarwa a makarantar har ciwon tarin fuka ya kashe shi a 1852. Akwai kuma Claude Montal, wanda ya koyi kwance piyano da saita sautinsa, ya buɗe wa makafi sana'ar da suka riƙe a Turai fiye da ƙarni guda. Wasu daga cikin ɗaliban sun samu aikin kaɗa babban molon coci da albashi, a irin wuraren da magabatansu ke zama a bakin ƙofa.

Haüy bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Ya rasu a watan Maris na 1822 yana da shekaru 76, yayansa ya bi shi bayan ƴan watanni. An binne shi a maƙabartar Père-Lachaise. A 1889 wani tsohon ɗalibin makarantar, Maurice de La Sizeranne, wanda shi ma makaho ne, ya kafa ƙungiyar da ke ɗauke da sunan Valentin Haüy, wadda har yanzu take koyar da makafi sana'a a Faransa.