Per Albin Hansson: Ɗan Magini Da Ya Sauya Rayuwar Talakan Suwidin

Duk mai jin labarin arzikin Suwidin a yau zai yi mamaki in aka ce masa yunwa ta taɓa korar mutanenta. Tsakanin 1850 da 1930 sama da mutum miliyan ɗaya suka bar ƙasar zuwa Amurka neman abinci. Mu da kakanninmu suka baro ƙasar Hausa suka zauna a Madina, mun san zafin barin gida.

A cikin wannan hali aka haifi Per Albin Hansson ranar 28 ga Oktoba, 1885, kusa da birnin Malmo. Mahaifinsa magini ne. Karatunsa bai yi nisa ba, tun yana yaro ya shiga aikin ɗan aike. A 1903 yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar matasa ta jam'iyyar ma'aikata, daga nan ya zama ɗan jarida, sannan ɗan majalisa. Ya karɓi shugabancin jam'iyyar a 1925.

A 1928 ya gabatar wa majalisa manufarsa ta Gidan Jama'a, wato ƙasa ta zama tamkar gida ɗaya, babu ɗan mowa babu ɗan bora. Ya zama Firayim Minista a 1932, lokacin da rashin aikin yi ya addabi ƙasar. A 1933 ya ƙulla yarjejeniya da jam'iyyar manoma: gwamnati ta kare farashin amfanin gona, su kuma suka goyi bayan samar wa marasa aiki aikin gwamnati. An ƙara kuɗin fanshon tsofaffi, kuma a 1938 doka ta ba ma'aikaci hutun mako biyu da albashinsa.

Sai dai bai tsira daga zargi ba. A Yaƙin Duniya na Biyu ya hana ƙasarsa shiga yaƙin, amma Suwidin ta ci gaba da sayar wa Jamus tama, kuma daga 1940 zuwa 1943 ta bar sojojin Hitler suna ratsa ƙasar a jirgin ƙasa zuwa Norwe. Wasu na ganin ya ceci rayukan jama'arsa ne, wasu kuwa sun ɗauki abin a matsayin abin kunya.

Ya mutu ranar 6 ga Oktoba, 1946, yana saukowa daga taragon haya na cikin gari a Stockholm, a hanyarsa ta komawa gida. Yana da shekara 60, kuma yana kan mulki.