Edward Thorndike, masanin da ya sa kyanwoyi lakkwal

Ga tarihin wani masani na ƙasar Amurka, Edward Thorndike, wanda ya binciki yadda dabba take gane abin da ya fi yi mata amfani har ta bar sauran.

An haife shi ran 31 ga watan Agusta 1874 a garin Williamsburg, cikin jihar Massachusetts. Mahaifinsa limamin coci ne. Sa'ad da ya shiga jami'ar Harvard ya fara bincike da ƴan tsaki, yana kiwonsu a ɗakin da yake haya. Da mai gidan ta hana shi, sai malaminsa William James ya ba shi wuri a ƙarƙashin gidansa.

Daga nan ya koma jami'ar Columbia, a birnin New York, inda ya sami digirin dakta a 1898. Can ne ya ƙera akwatunan katako masu ƙofa, wadda ba ta buɗewa sai an ja igiya ko an taka wani ɗan katako. Sai ya sa kyanwa mai jin yunwa ciki, ya ajiye abinci waje, yana ƙidaya lokaci. Da farko kyanwa takan yi ta yaƙushi da cizo, tana cusa kai ko'ina, har ta taɓa igiyar bisa katari, ƙofa ta buɗe. In an maimaita sau da yawa, motsin banza yakan ragu sannu sannu, har ta riƙa fita cikin ƴan daƙiƙoƙi. Ya kuma lura kallon wata kyanwa tana fita ba ya ƙara mata wayo. Sai ta gwada da kanta ta ci riba.

Wannan ne tushen ƙa'idarsa ta sakamako: aikin da daɗi ya biyo bayansa yakan kafu, wanda wahala ta biyo bayansa yakan yi rauni. Amma wajen 1932, bayan sababbin gwaje-gwaje, ya gyara maganarsa da kansa, ya nuna cewa lada ta fi horo ƙarfi nesa ba kusa ba wajen koyarwa. Ba kowane masani ne ke iya rushe rabin abin da ya ɗaukaka sunansa ba, kuma ya kamata mushen da bulala ba ta barin hannunsa ya san da haka.

Tun daga 1899 yana koyarwa a kwalejin horon malamai ta Columbia, kimanin shekara 40. A 1928 ya fitar da littafi a kan karatun manya. A lokacin mutane da yawa sun ɗauka in ƙuruciya ta wuce, kai ya rufe. Ya jarraba manya da koyon harshen Esperanto da rubutu da hannun da ba su saba ba, ya tarar ƙarfin koyo yana kai ƙololuwa wajen shekara 20 zuwa 25, sannan raguwarsa kaɗan kaɗan ce har shekara 45. Waɗanda suka riƙe alli bayan sun yi ƴaƴa, a azuzuwan yaƙi da jahilci, shaidu ne.

Sai dai yana da tabo. Ya goyi bayan masu cewa basira gado ce, wasu jinsunan mutane sun fi wasu, har a hana waɗanda aka raina haihuwa. Saboda haka a 2020 kwalejinsa ta yanke shawarar cire sunansa daga wani gininta. Ya rasu ran 9 ga watan Agusta 1949 a Montrose, jihar New York, yana da shekara 74.