Cornelia Hancock, Mai Jiyyar Sojoji

An haifi Cornelia Hancock a jihar New Jersey ta ƙasar Amurka cikin shekara ta 1840. Iyayenta masu bi ne na ɗariƙar Kwaka, mutanen da su ke ƙin ɗaukar makamai, su ke ƙin bauta kuma. A 1861 yaƙin basasa ya tashi tsakanin Arewa da Kudu, tushensa kuwa zancen bayi ne.

Ran 1 zuwa 3 ga Yuli 1863 a ka gwabza a Gettysburg. Garin ƙarami ne, mutanensa ba su kai 3,000 ba, ga shi an bar musu masu rauni wajen 20,000. Mijin yayar Cornelia likita ne, da ya tashi tafiya can sai ta bi shi. Shekarunta 23, ba ta taɓa koyon aikin asibiti ba.

A tashar jirgin ƙasa ta Baltimore su ka gamu da Dorothea Dix, shugabar mata masu jiyya na rundunar Arewa. Dokarta ita ce, sai macen da ta kai shekara 30, wadda ba ta ado. Ta dubi Cornelia, ta ƙi ta saboda ƙuruciyarta. Ba mu ga laifin uwargidan ƙwarai ba, gama sansanin soja ba wurin budurwa ba ne. Amma ana cikin gardama, yarinyar ta shiga jirgi ta zauna abinta, ba wanda ya fitar da ita.

Ta isa ran 6 ga wata da yamma, ta shiga wani ɗakin sujada da a ka cika da masu rauni, an kwantar da su a kan katakai bisa bencina. 'Yan'uwa, mu lura da abin da ta yi a daren nan. Ba ta iya ɗaurin miki ba tukuna. Sai ta ɗauki takarda da fensir, ta bi su ɗaya ɗaya, tana rubuta musu wasiƙa zuwa gida, waɗansu kuwa ita ce wasiƙarsu ta ƙarshe. Daga baya ta koma asibitin tanti a bayan gari, inda likitoci ke yankan ƙafafu da hannuwa dare da rana. Ta dafa abinci, ta ciyar da waɗanda ba su iya ɗaga cokali, ta koyi wanke miki da ɗaure shi. Sojojin da kansu su ka ba ta lambar azurfa. Ta bi rundunar zuwa Virginia, ba ta bar aikin ba sai da yaƙi ya ƙare a 1865.

A 1866 ta tafi Kudu, ta buɗe makaranta a Mount Pleasant domin 'ya'yan bayin da a ka 'yanta, ta yi shekara 10 tana koya musu. Sa'an nan ta koma Filadelfiya tana taimakon matalauta da yara marasa galihu. Ba ta yi aure ba. Ta rasu a 1927, tana da shekara 87. A 1937 a ka tattara wasiƙun da ta aika gida daga bakin daga, a ka buga su littafi.